Ina za mu kai yara su san itatuwa a Kaduna, kuma me ya kamata mu nuna musu?

Uwar Yara, Malali:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar itatuwa da gandun daji. Hutun ƙarshen shekara ya matso, kuma 'ya'yan yayata za su zo daga Kano su haɗu da nawa; babbarsu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙaraminsu kuwa bai cika shekara biyar ba. Ni da maigidana mun ga cewa a wannan karon bai kamata hutun ya ƙare a wurin lilo da sayen kayan zaƙi kaɗai ba. Muna so mu kai su wani lambu da aka tara itatuwa iri-iri domin jama'a, inda za a zagaya da su a nuna musu kowace bishiya, a faɗa musu sunanta da amfaninta.

Abin da ya sa na damu shi ne, yaran nan suna shan miyar kuka, ana sa musu daddawa a abinci, ana shafa musu man kaɗe idan hunturu ya busar da fata, amma babu wanda zai iya nuna kuka ko ɗorawa ko kaɗanya idan ya gan ta a tsaye. Ni kaina a cikin gari na tashi, sanina bai wuce mangwaro da darbejiya da gwaiba ba, saboda haka ba ni da abin da zan koya musu.

Wane wuri ne ya dace a cikin Kaduna ko kusa da ita? Ana samun mai zagayawa da baƙi ya yi musu bayani, ko mu ne za mu nemi namu? Waɗanne itatuwa ne bai kamata mu dawo ba mu gan su ba? Sannan mene ne za a sa yaran su yi da hannunsu, tunda na san idan tafiya ce kawai da sauraro, ƙananan za su gaji kafin a yi nisa? Na gode.

Tsohon Malamin Daji, Kawo:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, kuma abin da kika faɗa game da yaran birni ya daɗe yana damuna.

Ya kamata a fara rarrabe wurare iri biyu. Akwai wurin shaƙatawa, inda aka bar itatuwa domin inuwa da ƙawa. Akwai kuma lambun da aka kafa musamman domin tara itatuwa da nazarinsu, inda ake rataya wa kowace bishiya allo mai ɗauke da sunanta, ake kuma ajiye rajistar inda aka samo irinta da shekarar da aka dasa ta. Na biyun kike nufi, kuma irinsa ne lambun Kew da ke Landan, wanda aka fara a 1759, da lambun Aburi na Ghana, wanda aka buɗe a 1890. A ƙasarmu galibin irin wannan tari yana hannun jami'o'i da cibiyoyin bincike, shi ya sa ba a shiga kai tsaye sai da neman izini.

A cikin gari, wurin da ya fi sauƙi ga iyali shi ne Ƙofar Gamji, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin Kogin Kaduna. Wurin shaƙatawa ne, amma yana da manyan itatuwa, kuma a can ne ƙaramar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin daga baya a kwance ta a kawo Kaduna, don haka babbar yarinyar za ta haɗa da darasin tarihi. Idan lambun nazari na sosai kuke so, sai ku nufi Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80, inda sashen nazarin tsirrai yake da lambunsa da kuma ɗakin ajiyar busassun ganyaye. A Afaka, bayan Mando, akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya mai hedikwata a Ibadan, kuma malamanta sun san itatuwan wannan yanki ƙwarai. Sai dai tun bayan sace ɗaliban kwalejin a watan Maris na 2021, ba na ba kowa shawarar ya kwashi yara ya nufi dajin Afaka da kansa. A tuntuɓi hukumar kwalejin tukuna, a bi abin da ta ce.

Amma ga ra'ayina, wanda zai yi bayani ya fi wurin muhimmanci. Na sha ganin an kai 'yan makaranta wuri mai ɗaruruwan itatuwa, an bi da su a guje ana karanto sunaye, sun koma gida babu ko ɗaya da ya zauna musu. Ku zaɓi bishiya biyar ko shida kawai, ku tsaya a gindin kowace ɗaya har yaro ya taɓa ɓawonta, ya shinshina ganyenta, ya tsinci 'ya'yanta a ƙasa. Idan ba ku sami ma'aikacin wurin ba, ku ɗauki dattijon da ya tashi a ƙauye, ko kakar yaran idan tana kusa, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗorawa zan sa a gaba, tunda lokacin zuwanku ya dace da ita. Daga wajen Disamba zuwa Maris take fure, furen ja ne, dunƙulalle, yana reto a ƙarshen dogon tsinke kamar tuntun hula. Da dare jemagu suke zuwa shan ruwan zaƙinsa, su kwashi ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan, kuma ta haka take samun 'ya'ya. Yaron da ya ji wannan zai daina ɗaukar jemage a matsayin abin jifa kawai. Zuwa Afrilu ko Mayu kwafsar ta nuna. Garin rawaya da ke ciki ana sha, ƙwayar ita ce kalwa, wadda ake dafawa a sheƙe ɓawonta a rufe ta kwanaki har ta ruɓa ta zama daddawa, ɓawon kwafsar kuma shi ake jiƙawa a sami makuba, da magina suke shafe katanga da daɓe domin su jure ruwa. Bishiya ɗaya ce, amma ta shiga tukunya, ta shiga gini, shi ya sa manomi ba ya sare ta ko da a tsakiyar gona take, kuma a ƙauyuka da yawa an san mai kowace ɗorawa, har gadonta ake yi.

Kuka za ku same ta tsirara a wannan lokaci, babu ganye ko ɗaya, sai 'ya'yanta suna reto. Wannan ma darasi ne, domin ta zubar da ganye ne don ta rage asarar ruwa, ta dogara da wanda ta tara a cikin kututturenta mai laushi. Furenta fari ne babba, yana buɗewa da yamma a farkon damina, shi ma jemagu ne masu yi masa hidima. Masana da suka auna wasu kukoki a kudancin Afirka sun sami waɗanda suka haura shekara 1000.

Sai dangin gamji, wato gamji da ɓaure da cediya da durumi. Gamji ganyensa faffaɗa ne, inuwarsa mai yalwa, kuma yaran Kaduna ya kamata su san bishiyar da ake yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari da ita. A tambayi yaran wa ya taɓa ganin furen ɓaure. Babu wanda zai ce ya gani, domin furen a cikin ɗan yake. A fasa ɗan ɓaure a gabansu, za su ga ƙananan ƙwari a ciki. Waɗannan ƙwarin ne suke shiga ta wata 'yar ƙofa a bakin ɗan ɓauren su kai ƙurar fure, ba domin su ba da irin bai ƙullu ba.

Maɗaci kuwa ba sai kun je lambu ba, yana nan a bakin tsofaffin titunan Kaduna da Zariya tun zamanin Turawa. A rani ƙwallon 'ya'yansa mai tauri yana tsagewa gida huɗu, iri mai fiffike ya zubo iska ta kwashe shi, kuma yara suna son tsintar ɓawon.

Malamar Kimiyya, Tudun Wada:

Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Baba ya gama magana a kan itatuwa, ni zan taɓa ɓangaren abin da yara za su yi, tunda ina fita da 'yan aji irin wannan ziyara.

Ki ba kowane yaro aiki tun daga gida, kuma aikin ya dace da shekarunsa. Ƙananan ba sa bukatar sunaye da yawa. A ba kowannensu jaka ta takarda, a ce ya samo abu mai santsi, abu mai kaushi, ganye mafi girma, ganye mafi ƙanƙanta, da iri mai fiffike, amma da sharaɗin daga ƙasa za a tsinta, ba a tsinkowa daga jikin bishiya. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin a lambun nazari kowane reshe a ƙidaye yake, kuma ko na ƙasan ma a nemi izinin ma'aikata kafin a fita da shi. Wani aikin da ƙanana suke so shi ne a manna farar takarda a jikin bishiya a goga gawayi ko fensir mai launi a kai, zanen ɓawon ya fito. Idan aka jera zanen kaɗanya, wadda ɓawonta ya tsattsage gida-gida masu kauri, kusa da na bishiyar turare mai santsi, yaro zai gane da kansa cewa ana sanin bishiya ta jikinta ko da babu ganye. A nan sai a gaya masa cewa kaurin ɓawon kaɗanya shi ke tsare ta daga wutar daji.

Manyan kuwa a haɗa musu da lissafi. Ku tafi da igiya da tef ɗin tela da sanda mai tsawon mita 1. Ma'aikatan daji suna auna kaurin bishiya ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum. A zagaya igiya a wannan wuri, a auna tsawonta, a raba da 3.14, an sami faɗin kututturen ke nan ba tare da an sare shi ba. Tsawon bishiya kuma ana samunsa daga inuwa: a kafa sandar a tsaye a auna inuwarta, sannan a auna inuwar bishiyar a lokaci guda. Idan inuwar sandar mita 2 ce, ta bishiyar kuma mita 30, to bishiyar mita 15 ce. Da hantsi ko bayan la'asar ake yin wannan, a wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, saboda da tsakar rana inuwa tana gajarta har awon ya yi wuya. 'Yar sakandaren nan za ta ga amfanin abin da ake koya mata a aji, kuma ki bar ta ita ta riƙe littafi ta rubuta sakamakon.

Idan an dawo gida aikin bai ƙare ba. A shimfiɗa ganyen da aka samo a tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridar kowane kwana biyu har ya bushe, abin da ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu a lokacin hunturu. Sai a manna shi a littafi, a rubuta sunansa da wurin da aka same shi da ranar. Haka ɗakin ajiyar ganyaye na jami'a yake yi, illa dai nasu ya fi yawa da tsari.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne maganar lafiya. A kafa wa yaran doka tun a mota cewa babu abin da za a sa a baki sai babba ya yarda. 'Ya'yan bini da zugu da na zurma suna kama da abin ci a idon yaro, kuma dukansu guba ne. Zaƙami ma haka yake, daga ganye har iri. Farin ruwan tumfafiya da na tinya suna cutar da ido sosai, idan ya taɓa hannu a wanke da ruwa da sabulu nan take. A lokacin rani ne kuma ƙarara take bushewa a jikin shinge da ciyawa, gashin kwafsarta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, don haka kada a bar su su kutsa cikin duhuwa. Kowa ya sa takalmi rufaffe, kada a sa hannu a kogon bishiya ko a ɗaga tarin busasshen ganye da hannu saboda kunama da maciji, kuma idan aka ji ƙugin zuma a sama a janye a hankali ba tare da jifa ba. Idan Ƙofar Gamji kuka je, babba ɗaya ya zama ba shi da wani aiki sai lura da ƙananan saboda kogi.

Ku fita da wuri, ku isa wajen ƙarfe 9 lokacin da sanyin safiya ya fara sauka, ku gama zagaye kafin azahar. Awa biyu ta isa. Mai ciwon asma a cikinsu a tafi masa da maganinsa da takunkumi saboda ƙurar hunturu. A tafi da tabarma da ruwan sha da abinci, a kuma tafi da leda ta kwashe shara, domin yadda kuka bar wurin yana cikin abin da yaran za su koya.

Bazazzagi, Samaru:

Ina gaida Baba da Malama. Ina da ɗan saɓani da maganar lokaci. Gaskiya ne hunturu lokacin furen ɗorawa ne, kuma a lokacin ne gurjiya take fitar da jan furenta a kan rassa marasa ganye, abin sha'awa ƙwarai. Amma yaro da ganye yake fara gane bishiya, kuma a Disamba da Janairu itatuwa da yawa sun zubar ko suna zubarwa, ciyawa ta bushe, wani wurin ma an sa wuta. Yaron da ya ga kuka tsirara kaɗai ba zai haɗa ta da miyar da yake sha ba. Shawarata ita ce, Hajiya, ku je yanzu tunda hutu ya kama, amma ku ɗauki hoton kowace bishiya da yaran a gindinta, sannan ku koma wurin waɗannan itatuwan dai a dogon hutu, cikin Agusta ko farkon Satumba. Gani ya kori ji. A zuwa na biyu ne za su fahimci cewa bishiya tana da shekararta, kuma a lokacin ne ɗinya take shirin nuna, kaɗanya kuma ta riga ta zubar da 'ya'yanta.

Game da zuwa jami'a, ku rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen nazarin tsirrai tun da sauran lokaci, ku faɗi yawan yaran da shekarunsu da ranar da kuke so, ku kuma roƙi a haɗa ku da ma'aikacin lambu ko ɗalibin da zai zagaya da ku. Ku zaɓi ranar aiki, kuma ku tabbatar an amsa kafin ku kama hanya, domin ƙarshen Disamba ma'aikata da yawa suna hutu. Waɗannan ma'aikatan lambu, musamman tsofaffin cikinsu, sun san kowace bishiya tun tana cikin leda, kuma ya dace a yi musu ihsani.

Idan kun shigo Zariya, kada ku koma ba ku shiga cikin birni yaran sun ga rimi ba. Zazzau ta shahara da rimaye, kuma babu bishiyar da take ba yaro mamaki irinta, saboda tsawonta da kuma manyan saiwoyin da suka tashi a gindinta suka tokare ta ta kowane gefe, har yaro yana iya ɓuya a tsakaninsu. Zuwa ƙarshen rani kwafsarta tana fashewa, audugar rimi ta bazu a iska, wadda da ita iyayenmu suke cusa katifa da matashin kai. A hanya kuma, tsakanin Jaji da Zariya, ku riƙa nuna musu itatuwan da manoma suka bari a gonaki. Mafi yawansu ɗorawa ce da kaɗanya da tsamiya da kuka da mangwaro, kuma ku tambaye su me ya sa aka sare sauran aka bar waɗannan.

Uwar Yara, Malali:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da cewa za mu fara da Ƙofar Gamji tare da kakar yaran, mu kuma aika takarda Samaru. Baba, ina da sauran tambaya biyu. Na lura ba ka sa darbejiya da bishiyar turare a cikin waɗanda za mu nuna musu ba, alhali su ne suka fi yawa a unguwarmu; akwai dalili ne? Na biyu, maɗatan da ke kan hanyarmu duk an sassaƙe jikinsu, wasu har sun fara bushewa. Na san magani ake yi da ɓawon, mu ma ana jiƙa mana a gida. Me zan ce wa yaran idan suka tambaya? Sannan idan suna so su shuka wani abu daga irin da suka tsinto, wanne ne zai yi a gida mai ƙaramin fili?

Tsohon Malamin Daji, Kawo:

Madalla da wannan shiri, Hajiya, kuma na yarda da ɗan'uwana na Samaru cewa a koma da damina.

Darbejiya da turare ban raina su ba. Baƙi ne da suka yi mana aiki. Darbejiya daga Indiya da maƙwabtanta take, an shigo da ita Najeriya wajen 1928, aka fara yaɗa ta a lardin Borno, kuma babu bishiyar da ta ba garuruwan Arewa inuwa kamarta. Turare daga Ostireliya take, an dasa ta da yawa a Afaka da wasu gandaye domin tana saurin girma tana ba da turaku da itacen wuta, ko da yake tana shan ruwa sosai kuma amfanin gona ba ya jin daɗi kusa da ita. Malaina da tik su ma daga Asiya aka kawo su. Ki nuna musu su, ki gaya musu daga inda suka zo, domin wannan ma ilimi ne. Tsamiya kuwa, duk da cewa sunanta na kimiyya yana ambaton Indiya, 'yar Afirka ce. Dalilin da ya sa na fifita namu na gida shi ne, darbejiya ba ta bukatar mai kare ta, tsuntsaye da jemagu ma suna shuka ta. Waɗanda suke ɓacewa su ne waɗanda ba a dasawa. Asalin dajin da ya kewaye Kaduna na doka ne, tare da maje da kirya da marke da kawo da maɗobiya, kuma gawayi da noma da gine-gine sun cinye mafi yawansa a kusa da gari. Maɗobiya, mai furen rawaya a tsakiyar rani, an yi mata saran da ya wuce hankali ana fitar da katakonta zuwa Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Kaɗanya kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka wadda aka ƙona aka yi gawayi da ita a yini ɗaya, sai yaron da ke goye yau ya zama saurayi kafin a maye gurbinta. Idan lambun nazari yana da wani amfani da ya wuce yawon buɗe ido, to shi ne ya riƙe waɗannan a raye har a sami irin dasawa.

A kan allunan suna za ku ga sunan kimiyya cikin Latin, kada ya tsorata yaran. Amfaninsa shi ne bishiya ɗaya tana da suna daban a kowane gari, abin da wani ya kira darbejiya wani dogon yaro yake ce mata, wani maina, wani bedi. Amma su fara riƙe na Hausa. Tun a 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattara su, irin mutanen da kakar yaran nan ta tashi a cikinsu.

Maganar maɗaci kuwa, ki faɗa musu gaskiya: ɓawonsa magani ne da aka daɗe ana amfani da shi, kuma ɗiba ba laifi ba ne idan an san yadda ake yi. Abincin da ganye ya sarrafa yana sauka zuwa saiwa ne ta cikin ɓawo, ta wani siririn sashe da ke manne da katako. Idan aka yanki ɗan tsiri a tsaye ta gefe ɗaya, aka bar bishiyar ta huta shekaru, tana rufe raunin. Idan kuwa aka sassaƙe ta zagaye, an yanke hanyar abinci gaba ɗaya, saiwa ta mutu da yunwa, bishiyar ta bushe a tsaye ko da ta shekara 80. Masu maganin gargajiya na da sun san wannan, har sukan shafa laka a wurin da suka yanka. Matsalar bishiyar bakin titi ita ce kowa yana ɗiba kaɗan, babu mai lissafin abin da na gabansa ya ɗiba. Ki sa yaran su zagaya ɗaya daga cikin maɗatan unguwarku su duba ko akwai sauran ɓawon da ya haɗe daga sama har ƙasa. Idan akwai, tana da sauran rai.

Game da shuka, kada ki dasa kuka ko rimi ko gamji ko maɗaci a ƙaramin gida, saiwarsu za ta fasa katanga da shadda. Amma ba laifi yaran su tsirar da su a leda, daga baya a kai makaranta ko masallaci ko gonar dangi. Irin kuka da ɗorawa da tsamiya yana da ɓawo mai tauri, sai an taimaka masa: a zuba masa ruwan zafi da aka sauke daga wuta a bar shi ya kwana a ciki, ko a goga gefe ɗaya a kan dutse har launin ciki ya fara bayyana. Irin maɗaci da na darbejiya ba sa jure ajiya, a shuka su da zarar an tsinto. A cika ledar ruwan sha da aka huda gindinta da ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a binne irin zurfin gaɓar yatsa, a ajiye a inuwa inda awaki ba sa kaiwa, a riƙa ba da ruwa safe da yamma ba tare da an jiƙe shi sharkaf ba. Abin da aka shuka a Janairu ko Fabrairu zai isa dashe a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, lokacin da ruwa ya zauna a Kaduna. Na cikin gida kuwa, zogale ya fi dacewa: yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu ba tare da an jiƙa shi ba, ba ya cin fili, kuma kafin dogon hutu 'ya'yan yayarki za su tarar da ganyen da za a yi musu kwaɗo. A riƙa datse kansa idan ya kai tsayin mutum domin ya yi rassa a ƙasa inda hannun yara zai kai.